Fulogi Shida na Mai Kuka

Gidan Malam Gwadabe na Zinyau ba gidan rashi ba ne. Akwai dawa da gero a rumbu, akwai gonar albasa a bakin rafi, akwai injin ban-ruwa da tsohon yake lallaɓawa da hannunsa shekara da shekaru. Abin da gidan ya rasa maza ne. 'Ya'ya maza biyu Allah ya ba Malam Gwadabe. Babban, Isma'ila, ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kano shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ƙaramin, Lukman, shi ya rage, da matarsa Rahma da 'yarsu Ummi mai shekara takwas.

Lukman direba ne, yana jigilar albasa daga Rano zuwa Kano. Amma ba motar kayan ce ta sa aka san shi ba. Yana da wata tsohuwar mota baƙa, ƙirar Jamus, mai silinda shida, wadda shi da abokinsa Zulkifilu bakanike suka shekara biyu suna gyarawa. Sun ɗora wa injinta wata na'ura da ake kira supacaja, mai hura masa iska da ƙarfi kamar zugazugin maƙera. Idan Lukman ya taka ta, na'urar takan yi wata siririyar ƙara mai tsawo, wadda ake ji tun motar ba ta bayyana ba. Shi ya sa aka sa mata suna Mai Kuka. Duk bikin da samari za su yi wasan mota, daga Rano har Kibiya, sai an kira ta.

Ranar Alhamis da hantsi, cikin zafin bazara, aka buga waya ofishin 'yan sanda na Rano cewa Mai Kuka ta daki kwalbati a hanyar Kibiya.

Sufeto Salahuddeen ya ɗauki hularsa ya kira Kofur Mato. Sufeton ya haura shekara hamsin, mutum ne mai magana a hankali. Ya koyar a firamare kafin ya sa kaki, kuma har yanzu yakan yi wa mutum tambaya ɗaya sau biyu ba tare da ya ɗaga murya ba.

Da suka isa an riga an ɗauke Lukman. Rai ya yi halinsa tun kafin a fito da shi. Motar tana karkace a gefen titi, gabanta ya shige ciki. Sufeto bai daɗe a kanta ba. Ya bi titin baya da ƙafa, kansa a sunkuye.

"Mato, zo ka duba. A ina birki ya fara?"

"Ga shi nan, Yallaɓai."

"Baƙin man fa?"

Kofur ya bi layin man da ido. Ya faro ne can nesa, wajen taku saba'in kafin alamar birki.

"Ke nan injin ya fashe tun tana gudu," in ji Sufeto. "Man ya kwarara ƙarƙashin tayoyin baya, suka yi santsi. Ba karon ne ya fasa injin ba. Injin ne ya jawo karon."

Ba shi kaɗai ya yi wannan tunanin ba. Ana dawowa daga maƙabarta samari suka taru a ƙofar garejin Zulkifilu da duwatsu, wani ma da galan ɗin fetur. Sufeto ya ratsa su ya ɗauko shi, don kada a yi gawa biyu a rana ɗaya. Zulkifilu bai yi gardama ba. Ya miƙo hannayensa tun ba a fito da ankwa ba.

Difi'o, shugaban ofishin, ya ce magana a fili take. Sakaci ne da ya jawo asarar rai, ranar Litinin a kai bakaniken kotu, gari ya huce. Sufeto ya roƙi a bar masa kwanakin da suka rage.

An jawo motar an ajiye ƙarƙashin darbejiyar da ke harabar ofis. Da safiyar Juma'a Sufeto ya sa aka kwance masa fulogi shida na injin, ya zuba su a leda. Kafin a rufe bonet ya ɗora hannu a kan fulin na'urar, wato ƙaramar ƙafar da bel ke juyawa, ya murza. Na'urar ta yi ɗan kuka ƙasa-ƙasa, kamar mai numfashi cikin barci.

Kofur Mato ya ja da baya yana ta'awizi.

"Yallaɓai, mutanen da ke noma kusa da kwalbatin sun ce yau ma sun ji ta. Daidai lokacin jiya."

"Mota tana nan, Mato."

"Na san tana nan."

Sufeto ya koma kan injin. Ya sa aka kwance fulin ma.

Aka fito da Zulkifilu daga sel aka zaunar da shi a benci. Idanunsa sun yi ja, bai taɓa kokon da aka kai masa ba.

"Yaushe rabonka da taɓa motar nan?"

"Tun bayan ƙaramar sallah."

Sufeto ya ajiye fulin a kan tebur. Yana ƙyalli, ko ƙura bai gama ɗauka ba.

"Yaushe rabonka da taɓa motar nan?"

Zulkifilu ya dubi ƙarfen, ya sunkuyar da kai.

"Kwana goma. Na sa mata ƙarami don iskar ta ƙaru. Akwai biki a Kibiya gobe Asabar, yana so ya nuna ta. Rubuta kawai, Yallaɓai. Ni na kashe shi."

"Ba na rubuta abin da ban gane ba. Koya mini tukuna."

Ya zazzage fulogin a gabansa. Hannun bakaniken ya kai kansu kafin ya yi shawara.

"Injin da ake cusa wa iska, cikinsa ya fi na kowace mota zafi," in ji shi. "Fulogi kuma iri biyu ne, mai zafi da mai sanyi. Mai zafi yana riƙe zafi a bakinsa. Shi ake sa wa motocin haya. In ka sa shi a nan, bakinsa zai yi ja kamar garwashi, ya kunna mai tun lokaci bai yi ba. Mai sanyi shi ne mai saurin miƙa zafin ga jikin inji. Shi na sa mata, mataki biyu ƙasa da na kamfani. Na kuma matse bakinsa, don kada iskar ta hure wutar."

"Waɗannan su ne ka sa?"

Ya juya su ɗaya bayan ɗaya yana karanta lambar.

"Su ne."

Sai ya ɗaga ɗaya wajen hasken taga, ya daɗe yana kallo. A jikin farin tangaran ɗin akwai ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an barbaɗa masoro, da wasu masu ƙyalli kamar azurfa.

"Wannan mai ƙyallin fistin ne, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda, ya narke ya fantsamu," ya ce a hankali. Ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku. "Duka shidan haka suke. In fulogi ne ya lalace, ɗaya zai nuna, ko biyu. Wannan man ne ya riƙa fashewa da kansa, maimakon ya ci da tsari. Ƙwanƙwasa muke ce masa. Ƙararsa kamar tsakuwa a gwangwani. Tun jiya nake jin ta a kunnena."

"Bayan ka canja fulin, ya hau ta?"

"Kullum. Ranar Lahadi har Kano muka je, ina gefensa ina saurare. Ko ƙis ba ta yi ba."

"To, kwana tara tana lafiya da fulinka da fuloginka. Me ya canja ranar Alhamis?"

Zulkifilu ya ɗago kai. Karon farko ke nan da ya dubi Sufeto ido da ido.

"Sai dai mai. Amma Lukman ba ya wasa da mai. Gidan mai ɗaya yake saya a Kano, wanda muka gwada muka ga yana jure matsi. Yakan ƙara masa wani magani na kwalba, ya ajiye a jarka a gida. Ko za ta mutu a hanya ba zai sa mata na bakin titi ba."

"Me zai raunana mai har ya yi haka?"

"Kananzir. Ko gas."

Bayan an sauko daga Juma'a Sufeto ya koma hanyar Kibiya. Kafin a kai kwalbatin akwai teburin wani ɗan bumburutu mai suna Ƙasimu, da galan-galan jere a rana. Yana ganin motar 'yan sanda ya fara tattara mazurarinsa.

"Sannu da aiki, Malam Ƙasimu. Jiya da hantsi kana nan?"

"Jiya ban fito ba, Ofisa. Zazzaɓi."

"Allah ya sawwaƙe. Lambar da ta kira ofishinmu jiya, Kofur ya buga ta ɗazu muna tahowa, ka ɗauka ka ce wa ke magana. Jiya da hantsi kana nan?"

Ƙasimu ya zauna a kan benci.

"Ina nan. Tsoro na ji. Ana cewa mai, sai a ce mu."

"Ya tsaya a wurinka?"

"Hannu kawai ya ɗaga mini. Mutumin da ke ce mini man nan nawa ko babur ɗin maƙiyinsa ba zai ba ba? Kullum sai ya tsokane ni, Allah ya jiƙansa."

"Me ka ji?"

"Kukanta na kullum. Da ya wuce ni ya taka sosai, sai na ji wani abu na kaɗawa a cikinta, kas-kas-kas, kamar ana girgiza gwangwani. Sai wata ƙara. Sai shiru." Ya dubi titin. "Yau da lokacin ya yi sai da na tashi daga nan na koma bayan bishiya."

"An ce kuna haɗa fetur da kananzir."

"Wannan da ne, Ofisa. Yanzu kananzir ya fi fetur tsada. Wanda ya zuba shi a fetur yau asara ya yi. Ni rabon da in ga kananzir ma na manta."

Sufeto ya yagi farar takarda daga littafinsa, ya ɗiga man Ƙasimu a kai, ya riƙe ta a inuwa. Kafin su gama sallama ɗigon ya tashi, takardar ta koma fari tas.

A hanyar komawa, da suka shiga gari, Sufeto ya dubi Kofur.

"Mato, in an zuba wa yaron nan kananzir, ba don riba aka zuba ba."

Ranar Asabar, bayan an yi sadakar uku mutane sun fara raguwa, suka je Zinyau. Malam Gwadabe yana zaune a zaure a kan tabarma. Dogon tsoho ne siriri, carbi na rawa a hannunsa. Sufeto ya durƙusa ya yi masa gaisuwa.

"Baba, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki." Ya ja carbinsa. "An ce kun tsare yaron nan Zulkifilu. Ku sake shi. Ƙaddara ce. Ni ban kai ƙarar kowa ba."

"Za mu duba, Baba. Ina neman izini in ga inda marigayi yake ajiye mansa."

Tsohon ya daɗe kafin ya ɗaga hannu ya nuna ƙofar cikin gida.

Rahma tana takaba, don haka ta bayan labule ta amsa gaisuwa. Wata yarinya siririya mai kitso biyu tana tsaye a jikin bango tana kallon takalman Sufeto. Ita ce Ummi.

"Malama, wa ke shiga ɗakin ajiyar can?"

"Abban Ummi ne kawai. Makulli ɗaya ne, kullum yana jikinsa."

Sufeto ya dubi ɗakin. Ƙofar a buɗe take, an fito da tabarmin zaman makoki daga ciki. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullan da aka cire daga jikin motar.

"Nasa suna hannuna tun ranar Alhamis. Wa ya buɗe?"

Labulen bai motsa ba.

"Baba yana da nasa," ta ce daga baya. "Na manta."

Jarkar tana kusurwa, shuɗiya, mai cin lita ashirin da biyar. Lukman ya juye ta a tanki da safiyar Alhamis, saura ɗan kaɗan a ƙasa. Sufeto ya fito da ita tsakar gida, ya tsuguna, ya yagi takarda. Ummi ta matso.

"Me za ka yi?"

"Gwaji. Kin ga, fetur ba ya son zama. In aka ɗiga shi a takarda, sai ya tashi ya bi iska, ya bar ta yadda ya same ta. Ki ƙirga mini zuwa ɗari."

Ta ƙirga a hankali, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Gefen ɗigon ya bushe, amma tsakiyarsa ya zauna, da'ira mai maiƙo da ake hango haske ta cikinta.

"Bai tafi ba," in ji Ummi.

"Bai tafi ba."

Ta sunkuya ta shinshina.

"Wannan ai warin maganin ne."

"Ummi." Muryar Rahma ta fito daga bayan labule, a kaifafe. "Zo nan."

Yarinyar ta tafi. Kofur Mato ya buɗe baki, Sufeto ya girgiza masa kai. Tambayar tana bakinsa shi ma, kuma ya san da ya yi ta zai sami amsa nan take. Ya ninke takardar ya sa a ambulan. Da suka fito ta zaure, tabarmar Malam Gwadabe babu kowa.

Masu sayar da kananzir sun yi ƙaranci, wannan ya sauƙaƙa aikin. Kofur ya zaga cikin Rano ya sami mutum biyu, dukansu da ƙaramar kwalba suke aunawa, masu hura gawayi ke saya. Ta ukun a Kibiya take, wata dattijuwa mai suna Lami da ke da tebur a bakin kasuwa. Da safiyar Lahadi suka same ta.

"Inna, a satin nan wani ya sayi kananzir da yawa?"

"Masu saye suna da yawa, ɗan nan. Ba na riƙe fuska."

"Durom ɗin nan naki wata nawa yake yi kafin ya ƙare?"

Ta yi dariya kaɗan.

"Uku. Wani lokaci huɗu."

"To wanda ya sayi galan guda ai ba za ki manta shi ba."

Ta gyara mayafinta.

"Ranar Talata. Lita shida. Har na ce masa, Malam, amarya za ka yi wa fitila? Bai yi dariya ba. Ya ce injin ban-ruwa zai ba. Mai albasan nan ne na Zinyau, wanda hannunsa ke rawa. Ni na ɗaura masa galan ɗin a keke." Ta dubi Sufeto. "Ba shi ne aka yi wa rasuwa ba?"

"Shi ne."

"Allah sarki," in ji ta. 

A gona suka same shi. Ganyen albasar ya kwanta, ƙasar ta tsattsage, da gani ta kwana uku ba ta sha ruwa ba. Injin yana bakin rafi an rufe shi da buhu. Malam Gwadabe yana zaune kusa da shi, yana fuskantar wajen titi. Sufeto ya ce wa Kofur ya jira a mota. Ya cire hularsa ya zauna a ƙasa.

"Baba, albasa tana son ruwa."

"Ba na iya tada shi. Da na ji ƙarar inji sai in ji ta a ciki." Ya nuna titin da haɓa. "Ko ban tada ba ma ina jin ta. Kullum da hantsi takan taho daga can, ba ta isowa."

Sufeto ya fito da ambulan, ya buɗe takardar, ya ajiye a tsakaninsu. Da'irar tana nan.

"Na je wurin Lami a Kibiya."

Tsohon ya kalli takardar. Carbin ya daina motsi.

"Gobe za a kai Zulkifilu kotu," in ji Sufeto. "Ya yarda shi ya kashe abokinsa. Ya ce in rubuta. In na rubuta, zai tafi gidan yari, kuma ko ya fito haka zai ɗauka har ya mutu."

"Na ce ku sake shi."

"Ba a sakin mutum da haka, Baba. Sai an san abin da ya faru."

Iska ta kaɗa buhun da ke kan injin. Malam Gwadabe ya dafa shi da hannu.

"Injin nan, shekarun da kananzir ke da arha, da shi nake haɗa masa mai. Rabi da rabi ma na sha yi. Yakan yi hayaƙi, ya yi kasala, ruwan ya riƙa fita a hankali. Amma bai taɓa mutuwa ba. Sanyi kawai yake yi."

"Na gane."

"Na yi wa yaron nan magana. Na yi da daɗi, na yi da faɗa, na haɗa shi da liman. Sai ya yi dariya ya ce, Baba, motar nan ta fi jirgi lafiya. Ni kuwa duk ranar da na ji kukan nan, yayansa nake gani a cikin tabarma, yadda aka sauko mini da shi daga bayan akori-kura. Da na ji an ƙara mata ƙarfi saboda bikin Kibiya, na kasa cin abinci. Na ce bari in sanyaya ta. In ta yi kasala a gaban jama'a, ta ba shi kunya, zai haƙura ya sayar."

"Sai ka rage fetur ɗin."

"Na ɗebi lita shida na zuba wa wannan. Na cika masa da kananzir. Ranar Laraba, yana Kano." Ya juyo. "Ɗan nan, kai ka yi karatu. Me ya sa ba ta yi sanyi ba?"

Sufeto ya yi tunanin yadda zai faɗa.

"Injinka yana shaƙar iska da kansa, Baba, daidai ƙarfinsa. Waccan cusa mata ake yi. Man da za a matse haka sai mai jurewa. Kananzir ba ya jurewa, fashewa yake yi. A tafiyar hankali ba za a ji ba. Sai an taka."

"Sai an taka," in ji tsohon. Ya maimaita sau biyu. Hawaye suka bi gemunsa, bai share ba. "Ni ne. Rubuta. Gwadabe ne ya kashe ɗansa."

Sufeto ya buɗe littafinsa. Tsohon ya kama hannun rigarsa.

"Abu ɗaya. Ka ga hannuna. Ba na iya zuba abu a bakin jarka. Yarinyar nan na kira ta riƙe mini mazurari. Na ce mata magani ne, don motar Abbanta ta daina gudu. Har murna ta yi. Uwarta ta ji warin a hannunta, shi ya sa ta yi maka ƙarya. Don Allah kada sunanta ya shiga takarda."

"Wanda ya saya, ya zuba, shi zan rubuta," in ji Sufeto. "Babu wanda zai tambaye ni wa ya riƙe mazurari."

Ya rubuta bayanin a nan bakin rafi, ya karanta masa a hankali, tsohon ya dangwala yatsa. Sannan ya buga wa Difi'o waya ya ce a buɗe wa Zulkifilu, a kuma gaya masa fuloginsa daidai suke.

Malam Gwadabe ya roƙi a biya da shi gida ya ɗauki buta da babbar riga. Kofur Mato ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, ya dubi Sufeto, ya bar ta a inda take.

Labari ya riga su isa. Maƙwabta sun tsaya nesa-nesa. Tsohon ya shiga ya fito da rigarsa a kafaɗa. Daga cikin gida ana jin kukan Rahma ƙasa-ƙasa. Ummi tana tsaye a bakin zaure.

"Kaka, ina za ka?"

"Rano zan je, amarya. Ki kula mini da akuyoyi."

Ya ɗora mata hannu a ka. Kofur ya buɗe masa ƙofar baya, ya taimaka masa ya shiga.

Sufeto ya juya zai tafi, ya ji an riƙe masa gefen wando. Ya tsuguna daidai tsayinta.

"Maganin ne?" in ji Ummi.

Ya yi shekara ashirin da bakwai yana yi wa mutane tambaya, kuma ya san yadda fuskar mai ɓoye magana take. Ya yi ƙoƙari kada tasa ta zama haka.

"Kakanki ya yi kuskure, Ummi. Bai so abin da ya faru ba. Ke babu ruwanki a ciki."

Ta dube shi, ta dubi matan da ke bakin ƙofa. Kowace ta kawar da ido. Ta saki wandonsa, ta ɗaga tafin hannunta na dama ta kalla, sannan ta ɓoye shi a bayanta.

Motar ta tashi a hankali ta bi hanyar Rano.

Ummi ta gane cewa abin da ta riƙe wa Kaka mazurari ya zuba, shi ya kashe babanta. Ta kuma gane cewa babu wanda zai faɗa mata haka.